Ciwon Sarakuna a Ƙunshin Jarida

Masu karatu, duk wadda ta taɓa rubuto min cewa ni mai wayo ce, ta zo ta karɓi kalmarta, ba ni da inda zan ajiye ta. Yau Alhamis. Doguwar rigata mai ruwan zuma tana rataye a goge, Gogo ta wanke kofunan baƙi tun da safe, ni kuma ina zaune a bakin gado ina kallon waya kamar za ta haihu. Bari in ɗauko muku daga tushe, kada wanda ya shigo yau ya ce na fara masa da kuka.

Sunana Munira, shekarata ashirin da shida. A Umbadda muke, can yammacin Omdurman inda kwalta take gajiya ta koma gida. Ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwajin jini kusa da unguwarmu. Mahaifiyata ta rasu ina aji uku, Gogo yayar Abba ta karɓi gidan, kuma har yau ba ta sake shi ba. Abbana, Ishaku, yana da rumfa a kasuwar Suk Libya inda yake sayar da markub, takalmin fatan nan da dattawa suke sawa ranar Juma'a. Ku riƙe wannan a ranku, mai sayar da takalmi ne.

Wanda nake so kuwa sunansa Haliru, yana gasa agashe a bakin tashar motoci ta Suk al-Shabi. Larabawa suna tsayawa layi suna cewa "agashe, agashe", ba su san umarni suke bayarwa da Hausa ba. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma ko wanka bakwai ya yi sai ka ji ƙamshin ƙuli da yaji a jikinsa. Ni ƙamshin bai taɓa damuna ba. Abba ne ya dama. Ranar da na fara kawo zancensa, ya ce shi bai kai 'yarsa kwaleji ba don ta auri hayaƙi. Mai ofis yake so, mai biro a aljihun gaba. Na ce Abba, masu biron nan ba su kake gani a layin burodi tun asuba ba? Ya ce ko a layi mai biro daban yake tsayawa.

A nan wayon nawa ya motsa. Na san Abba, ba ya jin roƙo, ba ya jin kuka, amma yana jin ƙamshi. Na ɗauki waya na rubuta wa Haliru: "Kada ka ƙara zuwa da magana. Ka zo da hanta da ƙoda, ka sa yaji sosai."

Ya amsa: "Wannan ba cin hanci ba ne?"

Na ce: "Cin hanta ne."

Na yi ta dariyar kaina a ranar. Ku ma ku yi, ba laifi, lokacin dariyar ne.

Ya fara zuwa ranar Alhamis da ƙunshi a jarida, mai ya jiƙa hoton masu kaki da ke shafin farko, da babbar kwalbar lemo mai sanyi a ɗaya hannun. Abba ya karɓa da fuska a ɗaure, wai don kada a wulaƙanta abinci. Daga Alhamis aka koma Litinin da Alhamis. Daga nan aka daina duba rana. A wata na farko sunan Haliru a gidanmu "mai hayaƙin nan". A wata na uku ya zama "yaron nan". A wata na biyar na ji Abba da kunnena yana gaya wa maƙwabci cewa ɗansa Haliru ya fi masu biro goma. Aka tsayar da ranar gulat-hair, wato ranar da manyan saurayi suke zuwa a ba su kalmar alheri: Juma'a ta sama, saura kwana goma sha biyu. Na yi ta taka ƙasa kamar ni na shimfiɗa ta.

Washegari da asuba Abba bai fita masallaci ba. Muka same shi zaune a kan gadon igiyarsa a tsakar gida, ya miƙe ƙafar dama, gumi yana zuba. Babban yatsan ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, da zafi kamar an ciro shi daga tukunya. Gogo ta zo za ta rufa masa mayafi, gefen mayafin kawai ya taɓa yatsan, mutumin da ban taɓa jin ya yi kuka ba ko ranar da aka binne mahaifiyata ya kira sunan Allah da wata murya da ban sani ba. Ya ce ji yake kamar an zuba masa fasasshen gilashi a cikin gaɓar.

Gogo ta gama bincikenta kafin ruwan shayi ya tafasa. Da farko ta ce kambun baka ne, 'yan kasuwa sun ga yana ƙiba. Ta kwaɓa lalle ta shafa, ta jiƙa bagaruwa ta ba shi, ta yi turare har kajin maƙwabta suka yi tari. Da la'asar yatsan yana nan yadda yake, sai dai yanzu ya sha ƙunshi kamar na amarya. Sai ta sake shawara ta ce ful ne. Waken nan da muke karyawa da shi kullum, shi da adas, ƙanƙanin waken miya, kowa a Sudan ya san su suke kawo nigris, ciwon nan mai kumbura gaɓa.

Na ɗebi jininsa na tafi da shi wurin aiki, da hannuna na gwada. Yurik asid ɗinsa ya haura goma, alhali bai kamata ya wuce bakwai ba. Na sake gwadawa, wai ko injin ne yake wasa da ni. Injin ya maimaita min maganarsa.

Muka ɗauke shi a raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa wurin Dakta Amna, likitar da take duba marasa lafiya a ginin da nake aiki. Ta duba yatsan, ta kama kunnensa ta nuna min wani ɗan ƙulli fari a gefe, ta naɗe hannun jallabiyarsa ta nuna wani a gwiwar hannu. Mun daɗe muna ganinsu, Gogo ta ce ƙari ne na tsufa. Dakta ta ce ba tsufa ba ne. In yurik ya yi yawa a jini, ƙoda ta kasa fitar da shi, sai ya daskare a gaɓoɓi ya zama ƙananan tsinke masu kaifi, su ne suke sukarsa daga ciki. Ƙullayen nan kuwa tarin tsinken ne, shekara da shekaru suna taruwa, wani abu ne ya ƙara musu wuta kwanan nan. Sannan ta yi kuskuren da ban yafe mata ba har yau. Ta yi murmushi ta ce da Larabci:

"Nigris ne ya Hajj. Da'ul muluk, ciwon sarakuna."

Daga nan Abba bai ƙara jin komai ba. Ya gyara zama, ya gyara hula, ya ciro waya ya ce a fitar da shi waje zai kira abokinsa a unguwar Mayo. Gogo ta riƙe shi suka fita. Ni na rage, kuma ni Dakta ta yi wa sauran bayanin, tunda a cewarta ni 'yar gida ce. Ƙwaya ɗaya ta kwantar da zafin, kolshisin. Wata kuma alofurinol, kullum, ba fashi, ko ciwon ya tafi, ita za ta sauke yurik ɗin har ƙullayen su narke a hankali cikin watanni. Kada a tsaga su, kada a huda. Ruwa da yawa, musamman da wannan zafin namu. Sai ta rubuta a takarda da manyan baƙaƙe: ban da hanta, ban da ƙoda, ban da kayan ciki, a rage jan nama, a daina lemon kwalba. Na tambaye ta ful fa? Ta ce ya ci abinsa, ful ba shi ne ɓarawon ba, sunansa ne kawai ya ɓaci a gari. Ta ƙara da cewa in aka ci gaba a haka gaɓar za ta lalace, ƙodarsa ma ba za ta tsira ba.

Na karanta takardar. Ba a rubuta sunan Haliru ba, amma in ka cire sunan, duk abin da yake ɗauke da shi zuwa gidanmu yana ciki, har kwalbar. Na ninke ta huɗu na sa a aljihun jakata na ciki, inda nake ɓoye janbaki.

A raksha Abba ya tambaye ni me likita ta hana. Kafin in buɗe baki Gogo ta ce me za ta hana in ba ful ba. Abba ya dube ni. Na ce ya riƙa shan ruwa da yawa, ya sha maganinsa a kan lokaci. Duk gaskiya ne, ku duba da kyau, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Na gaya wa kaina kwana goma ne kacal, in an ba da kalma ranar Juma'a, Asabar sai in fito da takardar in ce na manta da ita. Mutum ya yi wata biyar yana ci, kwana goma me za su ƙara?

Aka kori ful daga gidanmu kamar wanda ya yi sata. Gogo ta kwashe adas ta kai wa maƙwabta, wai su da ba su da jinin sarauta su ci. Abba ya kafa fada a tsakar gida, ƙafa a kan matashi, 'yan kasuwa suna zuwa dubiya yana yi musu bayani. Mai sayar da markub ɗari ba ya iya sa ko ɗaya, da silifas ɗin Gogo da aka yanke wa baki yake zuwa bayi, amma bai taɓa jin kansa sama irin wannan makon ba. Haliru kuwa, bawan Allah, da ya ji surukinsa ba lafiya sai ya ninka ƙunshin. Ya ƙara da marara, ɗanyar hanta da huhu da tumbi da ake kwaɗawa da albasa da lemon tsami, wai tana ƙara wa majinyaci jini. Ni nake juye ta a faranti. Ni nake kai wa Abba, da ƙwayar magani a gefen tire.

Wata rana bayan baƙi sun watse, ina kwashe kofuna, ya ce in zauna. Ya ce lokacin da suke cirar auduga a Gezira shi da Gogo, daga Sallah sai Sallah suke ganin nama, shi ma in mai gona ya ga dama. Ciwon da ya sani a lokacin zazzaɓi ne da tsargiya, ciwon masu shiga ruwan gona da ƙafa. Ya shafa gwiwarsa ya ce:

"Shekara sittin da uku, ya bitti, 'yata, ba wanda ya taɓa ɗauko nama ya kawo min har ƙofa. Yau ga shi har ciwona na manya ne."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Na shiga ɗaki na buɗe jaka na taɓa takardar, na mayar. Tausayinsa ya kama ni sosai, amma in faɗa muku gaskiya tsoron Juma'a ya fi tausayin ƙarfi.

Ranar Litinin ciwon ya dawo, wannan karon har da idon sawu. Na dawo daga aiki na tarar Gogo ta sa allurar ɗinkin buhu a garwashi, za ta huda ƙullin gwiwar hannunsa ta matse "farin abin". Na fizge allurar, na ce likita ta hana, in aka huda zai zama gyambon da ba ya warkewa. Gogo ta ce to tunda ni ce likitan gidan, in gaya mata me ya sa aka daina ful kwana bakwai ƙafa tana ƙara hawa. Na ce magani yana ɗaukar lokaci. Wannan ma gaskiya ce. Na ƙware a gaskiyar da ba ta kai ko'ina.

Da yamma saƙon Haliru ya shigo. Wani direban bas da yake sayen agashe a wurinsa ya ƙi karɓar hanta, ya ce yana da nigris, likita ya hana shi kayan ciki.

"Munira, da gaske ne nama ne yake kawo shi?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Da na ce ban sani ba, da yanzu ina barci lafiya. Amma ina ganin mu biyu ne a jirgi ɗaya, shi ma Juma'ar nan yake jira. Sai na tura masa:

"Da gaske ne. Amma saura kwana huɗu. Ka daure ka ci gaba da kawowa, bayan Juma'a sai mu daina. In ka zo hannu sake yanzu ka san Abba."

Alamar karantawa ta yi shuɗi. Na jira. Na tura masa fuska mai dariya, don saƙon ya yi sauƙi. Ita ma ta yi shuɗi.

Talata bai zo ba. Abba ya tambaye shi sau uku, ya ƙi cin kisrar Gogo, wainar dawar nan mai faɗi, yana jiran ƙunshi. Jiya Laraba bayan la'asar aka yi sallama. Haliru ne, cikin farar jallabiya, da ƙunshin jarida a hannu kamar kullum, sai dai jaridar a bushe take, masu kakin shafin farko tsaf da su ba ɗigon mai. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya ajiye ƙunshin a kan tire. Abba ya wanke hannu, ya yi bismillah, ya buɗe. Kokwamba ce guda shida da lemon tsami.

Abba ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashin jaridar ko naman ya ɓuya. Ya tambaya ko 'yan kamen kasuwa ne suka kwashe masa kayan gashi. Haliru ya ce a'a, kayansa suna nan. Kansa a ƙasa ya ce ya zo neman gafara ne, domin naman da yake kawowa shi ne yake cin ƙafar Abba, hantar da ƙodar da lemon duka, kuma ba zai ƙara kawowa ba ko da hakan zai sa a fasa Juma'a. Bai ambaci sunana ba. Ina tsaye a bakin ƙofar kicin da butar shayi, ina roƙon Allah ya tsaya a nan.

Gogo ta ce wannan zancen banza ne, ful ne, kowa ya sani. Abba ya ɗaure fuska irin ta watan farko, ya ce wa Haliru tun yaushe mai gashi ya zama likita. Sai ya juyo wurina, da alfaharinsa, don in kunyata masa yaron.

"Munira, ke kika yi karatu. Gaya masa."

Masu karatu, na duba ƙafar. Ta yi suntum, lallen Gogo ya dushe a kanta, yatsan ya karkace gefe. Na ajiye butar na shiga ɗaki na ɗauko jakata, na ciro takardar a gabansu. Janbaki ya ɗan shafe ta a gefe. Na karanta masa daga sama har ƙasa, har wurin ful.

Abba ya miƙo hannu na ba shi takardar. Ba ya karanta rubutun likita, amma yana karanta kwanan wata, sana'arsa ta koya masa. Ya daɗe yana kallon saman takardar.

"Tun ranar raksha?"

Na ce eh.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi, na san yadda ake karɓar zaginsa. Ya ninke takardar yadda na ninke ta, ya sa a aljihun gaba, wurin biro. Ya ce wa Haliru ya gaya wa manyansa Juma'a tana nan, bayan sallah, kuma ko da rarrafe zai fito ya karɓe su. Ya ce wa Gogo ta je ta karɓo adas ɗinta, ta kuma jiƙa ful. Sannan ya ɗauki kwalayen maganinsa biyu daga tire, kwalayen da ni nake buɗewa safe da yamma, ya miƙa wa Gogo ya ce daga yau ita za ta riƙa ba shi. Gogo da ba ta bambance alif da sanda. Ta ɗaura wa kwali ɗaya jan zare, ɗayan baƙi, ta ƙulle su a bakin tob ɗinta, lafayar da take yafawa, ba ta ko kalle ni ba.

Na raka Haliru bakin ƙofa kamar yadda na saba. Na ce masa ka gani, an samu abin da ake so. Ya ce Allah ya ba Abba lafiya, ya tafi. Bai tsaya jingina da bangon nan da yake jingina ba.

Yau da safe Abba ya ci ful da man riɗi, ya sha ruwa kofi uku, ya ce kokwambar ma ba laifi in an sa gishiri. Ya gwada markub a ƙafar hagu ya ajiye ta dama a gefe. Ya yi wa Gogo magana, ya yi wa kyanwa magana. Ni ya amsa gaisuwata, shi ke nan.

Na tura wa Haliru saƙo biyar tun jiya. Na tambaye shi mutum nawa za su zo, don Gogo ta san yawan shayi. Na ce ya yi haƙuri. Na ce don mu na yi. Ɗazu, ina cikin rubuta muku wannan, wayar ta yi ƙara. Na kwafo muku shi yadda yake, ban taɓa ko harafi ba:

"Ban gaya wa manyana ba tukuna. Ina ta tunani ne, Munira. Wata rana ni ne zan kwanta, takardar tana jakarki."